Shinzo Abe da farashin daɗewa a kan kujera

Ranar Arfa ce, Juma'a 8 ga Yulin 2022, ina kara ina fama da wani mai rago da ya kafe a kan kuɗinsa. Na taya ya ce albarka, na ƙara ya sake cewa albarka, ga azumi ga rana ta fara ɗagawa. Yaron da ke riƙe masa igiya ne ya miƙo waya ya ce, "Baba, kun ga an harbe tsohon shugaban Japan?" Muka duƙufa mu uku a kan wayar. Mutum ne tsaye a bakin titi riƙe da makirufo yana jawabin kamfe, sai ƙara da hayaƙi, ya waiwaya, sai ƙara ta biyu. Mai ragon ya ɗago ya dube ni.

"Malam, a Japan ɗin ma?"

Da gaskiyarsa. A duk shekarar 2021 mutum ɗaya tak aka kashe da bindiga a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 125. Wanda ya harbi Shinzo Abe a birnin Nara sai da ya ƙera tasa bindigar da hannunsa, da bututun ƙarfe da katako, don ta saye ba ta samuwa.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaure mini kai. Daga waje yabo ya yi ta kwarara, Indiya har ranar makoki ta ayyana. A gida kuwa, da gwamnatin Fumio Kishida ta ce za ta yi masa jana'izar ƙasa da kuɗin gwamnati a ranar 27 ga Satumba, sai ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna waɗanda ba su yarda ba sun fi yawa, mutane suka fito titi da kwalaye. Mutumin da ya fi kowane firaminista daɗewa a tarihin ƙasar, wanda aka kashe kisan zalunci a bainar jama'a, amma mutanensa na jayayya a kan ko ya cancanci a yi masa wannan karramawar. Tun ranar nake bin maganar, kuma na kai ga matsaya: su na waje da su na gida duk ba ƙarya suke ba, kowa abin da ya iso ƙofarsa yake faɗa.

Sai mutum ya san halin da Japan ke ciki kafin 2012 zai gane abin da Abe ya kawo. Daga 2006 zuwa 2012 firaminista shida aka yi, kowa wajen shekara ɗaya ya tattara nasa ya nasa. Shi Abe ne ma ya buɗe layin: ya hau a Satumbar 2006, ministocinsa suka yi ta faɗawa cikin abin kunya, jam'iyyarsa ta LDP ta sha kaye a zaɓen majalisar dattawa, ciwon hanji ya kwantar da shi, ya sauka bayan shekara guda. Kowa ya ɗauka tasa ta ƙare. A Disambar 2012 ya dawo, ya ci zaɓen ƙasa shida a jere, bai sauka ba sai Satumbar 2020 da ciwon nan ya sake tasowa. In aka haɗa zangon biyu, kwana 3,188 ya yi.

A siyasa daɗewa jari ne. Mai shekara ɗaya ba ya iya ɗaukar alkawarin da wani zai yarda da shi, mai shekara takwas kuwa yana iya taɓa abin da ke da zafi ya jira zafin ya huce. Don haka ni da wannan ma'aunin nake auna Abe: jarin nan da ba wanda ya taɓa samun irinsa, a ina ya zuba shi?

A waje ya ci riba, wannan ba a ja. Da Donald Trump ya ci zaɓe a Nuwambar 2016, Abe ne shugaban wata ƙasa na farko da ya je ya same shi a New York, riƙe da sandar wasan golf mai ruwan zinare a matsayin tsaraba. An yi masa dariya, an ce fadanci ne. To fadanci ne mana, amma na mai lissafi, don ƙasar da tsaronta ke hannun Amurka ba ta da damar yin fushi da mai gidan. Da Trump ya zare Amurka daga yarjejeniyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik a Janairun 2017, kowa ya ce ta mutu. Abe ya tattara sauran ƙasashe 11 suka sa hannu a Maris ɗin 2018, ya kuma ƙulla wata da Tarayyar Turai da ta fara aiki a Fabrairun 2019. Ƙawancen nan na ƙasashe huɗu, Japan da Amurka da Indiya da Ostireliya, shi ya fara tallarsa tun 2007. Kalmar "Indo-Fasifik" da yanzu ta zama ruwan dare a bakin jami'an Amurka da Turai, a Nairobi ya ƙaddamar da manufarta a Agustan 2016, wajen taron TICAD na shida, karo na farko da aka kawo taron nan na Japan da Afirka cikin nahiyar. A can ya yi alkawarin dala biliyan 30 cikin shekara uku. Tun a 2013 kuma ya buɗe shirin kai matasan Afirka dubu su yi digiri na biyu su koyi aiki a kamfanonin Japan. Marigayi Buhari ya halarci taron Yokohama na 2019. Sai dai kada mu ruɗi kanmu, a taswirar Abe Afirka gaɓar tekun Indiya ce inda ake gasa da China, Mombasa da Jibuti sun fi Kano da Damagaram kusa da zuciyarsa.

Har a wajen ma akwai inda ya dawo hannu rabbana. Sau 27 ya gana da Vladimir Putin a kan tsibirai huɗu da Tarayyar Sobiyet ta karɓe daga Japan a 1945, ko dutse ɗaya bai dawo ba. Maganar Japanawan da Koriya ta Arewa ta sace, wadda da ita ya yi suna tun yana ƙaramin ɗan majalisa, ya sauka ya bar ta inda ya same ta. Da Koriya ta Kudu kuwa, bayan yarjejeniyar Disambar 2015 a kan matan da sojan Japan ya tilasta wa lalata a lokacin yaƙi, dangantaka ta sake lalacewa har aka kai ga taƙaita wa juna ciniki a 2019.

Mu dawo gida, wajen tattalin arzikin da aka laƙaba wa sunansa, Abenomics. Mu da hauhawar farashi ta hana barci, da wuya mu fahimci ƙasar da gwamnatinta ke roƙon farashi ya tashi. Amma cutar Japan ke nan daga shekarun 1990 har zuwa zamanin Abe. In kowa ya san firij ɗin da zai saya yau zai fi araha baɗi, sai ya jira. Mai kamfani ya ga ba ciniki, ya ƙi ƙara albashi, ya ƙi faɗaɗa masana'anta. Ma'aikaci ya ga albashi a tsaye, ya ƙara damƙe aljihu. Haka abin ya yi ta zagayawa shekara ashirin. Abe ya ce da kibau uku zai harbe cutar: babban banki ya malalo kuɗi, gwamnati ta kashe kuɗi, sannan a yi wa dokokin aiki da noma da kamfanoni garambawul.

Kibiyar farko ta tashi da ƙarfi. Ya naɗa Haruhiko Kuroda gwamnan babban banki a 2013, shi kuma ya ce cikin shekara biyu zai kai hauhawar farashi kashi 2 cikin ɗari. Bankin ya yi ta sayen takardun bashin gwamnati har ya mallaki kusan rabinsu, ya ƙara yawan abin da yake saye a kasuwar hannun jari, a Janairun 2016 ya kai kuɗin ruwa ƙasa da sifiri. Dala ɗaya da ake canzawa wajen yen 80 ta kai 125 a 2015, masu fitar da kaya irin su Toyota suka washe. Ma'aunin hannun jari na Nikkei ya tashi daga wajen 10,000 zuwa sama da 23,000. Rashin aikin yi ya sauko daga sama da kashi 4 zuwa ƙasa da kashi 2.5. Baƙi masu yawon buɗe ido suka tashi daga miliyan 8 da wani abu a 2012 zuwa kusan miliyan 32 a 2019. Yaron da ya gama jami'a a zamanin Abe aiki ne ke nemansa, shi ya sa matasa da yawa suka riƙa jefa wa LDP ƙuri'a. Duk wannan a ba shi, nasa ne.

To amma kashi 2 ɗin nan bai tabbata ba har ya sauka. Kuɗin da aka malalo ya taru a asusun kamfanoni: ribar da suka ajiye ta tashi daga wajen yen tiriliyan 300 zuwa 475, albashin ma'aikaci kuwa, in aka cire tsadar kaya, yana nan jiya i yau. Sau biyu ya ƙara harajin sayen kaya, daga kashi 5 zuwa 8 a Afrilun 2014, daga 8 zuwa 10 a Oktoban 2019, kuma duk biyun tattalin arzikin sai da ya durƙusa. Hannu ɗaya na hura wuta, ɗayan na yayyafa mata ruwa. Mata miliyoyi sun fita aiki, gaskiya ne, amma akasarinsu aikin wucin gadi ne mai ƙaramin albashi, kuma alkawarin a ce mata sun riƙe kashi 30 na manyan muƙamai kafin 2020 shiru aka ji. Haihuwa ta faɗi ƙasa da miliyan ɗaya a 2016, ta sauko wajen 865,000 a 2019. Kibiya ta uku, wadda ita ce mai zafin, ita ce ke buƙatar a ɓata wa manyan jam'iyya da manyan kamfanoni rai, rabi aka ja bakan aka saki.

Ba ƙarfi ya rasa ba. Wani wuri ya kai ƙarfin, kuma wurin gado ne. Kakansa na wajen uwa, Nobusuke Kishi, minista ne a gwamnatin da ta shiga yaƙi da Amurka. Bayan yaƙi Amurkawa sun tsare shi shekara uku bisa zargin manyan laifukan yaƙi, suka sake shi ba a gurfanar da shi ba, ya zama firaminista a 1957. A 1960 ya tura sabuwar yarjejeniyar tsaro da Amurka ta ƙarfi, zanga-zanga ta ci kujerarsa. Abe yana ɗan shekara biyar lokacin, yana gidan kakan yana jin ihun masu zanga-zanga daga waje. Burin Kishi shi ne a sauya kundin tsarin mulkin 1947 da aka rubuta ƙarƙashin mamayar Amurka, musamman sashe na 9 da ya haramta wa Japan yaƙi. Jikan ya ɗauki kayan ya ɗora a kansa.

A kan ainihin manufar ban ga laifinsa sosai ba. Ƙasar da makamai masu linzami na Koriya ta Arewa suka ratsa ta saman tsibirinta na Hokkaido har sau biyu a 2017, wadda jiragen ruwan China ke shawagi kullum a gefen tsibiran Senkaku da ƙasashen biyu ke jayayya a kansu, ba za a ce mata ta naɗe hannu ba. Hanyar da ya bi ce ke damuna. Sauya kundin na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan ƙuri'ar raba gardama. Ya san jama'a ba su shirya ba, sai ya zagaya ta bayan gida. A 2013 ya ɗauko jami'in diflomasiyya mai ra'ayinsa ya ɗora a kan ofishin da ke fassara wa gwamnati doka, abin da ba a saba ba. A ranar 1 ga Yulin 2014 majalisar ministoci ta zauna ta ce sashe na 9 yanzu ya halatta wa Japan ta kai wa ƙawarta ɗauki da makami, alhali shekara da shekaru gwamnatocin LDP ɗin kansu na cewa ya haramta. A Yunin 2015 aka gayyaci masana tsarin mulki uku gaban kwamitin majalisa, duk ukun suka ce sababbin dokokin tsaron da gwamnati ta kawo bisa wannan fassarar sun saɓa wa kundin, har da wanda LDP ta gayyato da kanta. Dubun dubatar mutane suka cika ƙofar majalisa. A Satumba aka zartar. Kundin kuwa har ya mutu ko harafi ɗaya bai sauya ba, ma'anarsa kawai aka sauya masa yana zaune.

Akwai wata gyara da ba ta yi ƙara kamar wannan ba, amma a ganina ta fi ta nisan tasiri. A Mayun 2014 aka kafa ofishi a ƙarƙashin fadar firaminista mai kula da naɗin manyan ma'aikatan gwamnati wajen 600. Da can ma'aikatu su ke zaɓen shugabanninsu, har ana cewa ma'aikata ne ke mulkin Japan, 'yan siyasa rakiya suke. Gyaran na da hujja, wanda jama'a suka zaɓa shi ya kamata ya ja ragama. Amma in aka haɗa wannan iko da shugaban da kowa ya san ba yau zai tafi ba, sai ma'aikaci ya daina duba doka ya koma duba fuskar mai gida. Japanawa na da kalmar abin, sontaku, wato ka hango abin da babba ke so ka aikata tun bai buɗe baki ba. A 2017 kalmar ta shiga cikin waɗanda aka zaɓa kalmomin shekara.

Ga yadda ta kasance. Wata ƙungiyar makarantu a Osaka mai suna Moritomo Gakuen, wadda ke sa ƙananan yaran makarantarta ta reno haddace umarnin tarbiyya na sarki na 1890, ta nemi filin gwamnati don gina firamare. An ƙiyasta filin yen miliyan 956, aka sayar mata a miliyan 134, wai akwai shara binne a ƙasa. Matar firaminista, Akie Abe, ita ce shugabar karramawa ta makarantar. Da magana ta fasu, Abe ya miƙe a majalisa ranar 17 ga Fabrairun 2017 ya ce in ta tabbata shi ko matarsa na da hannu, zai ajiye firaminista ya ajiye kujerar majalisa. Bayan 'yan kwanaki aka fara bin takardun cinikin a ma'aikatar kuɗi ana goge sunan matar da na wasu 'yan siyasa. Takardu 14 aka taɓa, a wurare wajen 300, kuma jabun aka miƙa wa majalisa.

Wanda aka sa ya yi gogen da hannunsa ma'aikaci ne a ofishin ma'aikatar na Osaka, Toshio Akagi. Ya nuna ƙin yarda, aka matsa, ya yi. Abin ya ci shi a rai har ya kwanta ciwo. A Maris ɗin 2018 ya kashe kansa yana da shekara 54, ya bar rubutu yana bayanin wanda ya ba da umarni daga Tokyo. Babban jami'in da ya ambata, Nobuhisa Sagawa, kafin nan har ƙarin girma ya samu zuwa shugaban hukumar haraji ta ƙasa, sai da asiri ya tonu ya yi murabus. Masu gabatar da ƙara suka binciki mutum 38, ba wanda aka gurfanar. Ministan kuɗi Taro Aso ya mayar da albashin minista na shekara guda ya ci gaba da zama a kujerarsa.

A yi adalci: babu kotu ko bincike da ya nuna Abe ya ce a rage kuɗin fili ko a goge takarda. Magoya bayansa a nan suke tsayawa, kuma da Hausawa ne da sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni wannan karin maganar ban taɓa yarda da ita ba, fadawa ne suka ƙirƙiro ta don sarki ya ji daɗi. Bafade ba ya aikata abin da ya san za a hukunta shi a kai. Wa ya riƙe ƙarin girmansa? Wa ya furta maganar da ta sa sunan matarsa a takarda ya zama abin da zai kayar da gwamnati? Kuma ba sau ɗaya aka yi ba. Makarantar likitan dabbobi ta farko da aka ba lasisi cikin shekara 52 ta faɗa hannun ƙungiyar makarantu ta Kake Gakuen, ta amininsa tun suna ɗalibai a Amurka. Rahotannin sojan Japan da ke aikin kiyaye zaman lafiya a Juba, Sudan ta Kudu, waɗanda suka ambaci faɗa, an ce an zubar da su, daga baya suka bayyana, ministar tsaro Tomomi Inada ta sauka a 2017. Bikin kallon furen sakura da ake yi da kuɗin gwamnati ya kumbura zuwa baƙi wajen 18,000, cike da magoya bayansa daga mazaɓarsa ta Yamaguchi, kuma a ranar da wani ɗan adawa ya nemi jerin sunayen a Mayun 2019, a ranar aka zuba shi a injin yayyaga takarda. Daga baya ofishin bincike na majalisar wakilai ya ƙirga amsoshi 118 da Abe ya bayar a kan liyafar jajibirin bikin waɗanda ba su dace da gaskiya ba. Ya ce bai sani ba, aka ci sakatarensa tarar yen miliyan ɗaya.

Na san mai karatu a nan zai yi murmushi ya ce in wannan ne abin kunya ai Japanawa ba su ga komai ba. Haka ne, kuɗin ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da abin da kunnenmu ya saba ji. Amma darajar gwamnatin Japan ba a ma'adinai take ba, ba su da su. A yarda take, cewa abin da ma'aikaci ya rubuta a fayil shi ne abin da ya faru. Wannan ce aka taɓa, kuma ita ba a sake gina ta da kuɗin babban banki.

Mutuwarsa ma wata rufaffiyar tukunya ta buɗe. Maharbin ya ce haushinsa na kan Cocin Haɗin Kai, wanda Sun Myung Moon na Koriya ya kafa, inda uwarsa ta zuba wajen yen miliyan 100 har gidansu ya tsiyace. Alaƙar cocin da gidan su Abe ta faro tun zamanin Kishi, bisa ƙiyayyar kwaminisanci, kuma a 2021 Abe ya aika da saƙon bidiyo zuwa taron wata ƙungiyar cocin. Wannan bai halatta jininsa ba ko kusa. Amma da LDP ta binciki kanta, 179 cikin 'yan majalisarta 379 ne suka amsa wata alaƙa da cocin. A ƙarshen 2023 kuma aka gano ɓangarensa na cikin jam'iyya ya daɗe yana karkatar da kuɗin tikitin liyafa ba tare da rubutawa ba, ɓangaren ya watse. Manufofinsa na tsaro kuwa sun ci gaba da tafiya ba shi: Kishida ya ɗauki alkawarin kai kasafin soja kashi 2 na arzikin ƙasa, kuma a Oktoban 2025 ɗalibarsa a siyasa, Sanae Takaichi, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar.

Matar Akagi, Masako, ta kai gwamnati kotu a 2020. Diyyar da ta nema, sama da yen miliyan 100, ta sa ta da yawa ne da gangan don kada gwamnati ta biya ta rufe magana, ita so take a kira shaidu su faɗi wa ya ce a yi me. A Disambar 2021, kafin a kai ga kiran shaidun, lauyoyin gwamnati suka miƙe suka ce sun amince da duk abin da ta nema. Aka biya ta daga kuɗin haraji, shari'arta da gwamnati ta ƙare a ranar. Sai ta ci gaba da wata ƙarar da ta riga ta shigar a kan takardun kansu, ta yi nasara a babbar kotun Osaka a Janairun 2025, a watan Afrilu aka fara miƙa mata su kashi-kashi, shekara bakwai bayan rasuwar mijinta.